Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Hukumar NADDC: motar da Turai ta sallama, a garejinmu take sauka

Zuwa ga Shugaban Hukumar Tsarawa da Bunƙasa Ƙera Motoci ta Ƙasa, NADDC, Abuja.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka.

Ni dillalin motocin hannu ne a Kano. Na shiga wannan sana'a ina yaron wani, zamanin da muke zuwa Kwatano mu wuni a filin motoci, mu zaɓi abin da kuɗin maigida zai iya saye, mu biyo da shi ta Malanbil da Gaya da Doso har Maraɗi. Tun da gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a farkon 2017, harkarmu ta koma tashar jiragen ruwa ta Legas. Hanya ta canza, kuɗi ya canza, amma abu ɗaya yana nan yadda na same shi: abin da Bature ya saya sabo dal yau, shi talakan Najeriya zai hau bayan shekara goma sha biyu ko sha biyar. Shi ya sa dokokin hana motocin fetur da dizal da ake kafawa a can suke hana ni barci a nan, shi ya sa kuma na ɗauki alƙalami.

Ka fi ni sanin dokokin, amma bari in faɗe su yadda suka iso kunnenmu a kasuwa. A watan Maris na 2023 Tarayyar Turai ta kammala amincewa da dokar da ta ce daga 2035 duk sabuwar ƙaramar motar da za a sayar a ƙasashenta 27 dole ta zama ba ta fitar da hayaƙin kabon, in ban da 'yar ƙofar da Jamus ta matsa aka bar wa man da ake haɗawa a masana'anta. Birtaniya ta sa wa kanta 2030 a zamanin Boris Johnson, Rishi Sunak ya ɗage zuwa 2035 a watan Satumba na 2023, gwamnatin da ta gaje shi ta dawo da 2030. Kalifoniya, jihar da ta fi kowace sayen mota a Amurka, ta sa 2035, wasu jihohin suka bi sawunta, sai a watan Yuni na 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a kan ƙudurin majalisa da ya soke izinin da jihar ke dogaro da shi, magana ta koma kotu. Norwe, wadda ita ma mai take haƙowa kamar mu, ko dokar hani ba ta kafa ba. Haraji ta lafta wa mai fetur, ta sauke wa mai lantarki, har ya zama a 2024 kusan tara cikin kowace sabbin motoci goma da aka saya a ƙasar batir kaɗai ke tuƙa su.

Abokan sana'ata da yawa, in an tayar da wannan zance a rumfa, cewa suke yi ai Turawan ma sun fara janyewa. Ba ƙarya suka yi ba. A ƙarshen 2025 Hukumar Tarayyar Turai da kanta ta kawo shawarar a sassauta, a mayar da rage hayaƙin sabbin motoci daga kashi 100 zuwa kashi 90. To amma kamfanin mota ba ya jiran ranar da doka za ta fara aiki. Tsara sabon inji da gina masa layi a masana'anta aikin shekaru ne da kuɗi masu ban tsoro, kuma babu ɗan kasuwar da zai zuba dukiyarsa a kan abin da aka ce masa kwanansa ƙidayayye ne. Da za ka tsaya a tashar Unguwa Uku da asuba ka ga abin da ke lodi zuwa Zariya da Kaduna da Abuja, da ka ga Sharon da Galaxy a jere. Volkswagen ya daina ƙera Sharan, wadda muke kira Sharon, a 2022. Ford ya daina Galaxy a 2023, a shekarar kuma ya rufe Fiesta, ya ce hankalinsa ya koma kan masu lantarki. Na san sha'awar Turawa ta karkata ga jif-jif, wannan ma ya taimaka wajen kashe su, amma a wurin direban tasha duk ɗaya ne: rijiyar da yake ɗiba an toshe mata ido, ruwan da ya rage a ciki kawai muke ja. Dizal ma haka. A 2015 wajen rabin sabbin motocin Turai masu dizal ne, a 2024 sun faɗo zuwa wajen kashi 12 cikin 100.

Sai dai 2035 da sauran tafiya. Abin da ya riga ya girgiza kasuwarmu shi ne dokokin birane, waɗanda ba a cika maganarsu a nan ba. Antwerp ta ware tsakiyar gari ta hana tsofaffin motoci shiga tun 2017, Brussels ta biyo baya a 2018. A shekarar Hamburg ta rufe wasu titunanta ga tsohuwar dizal, Stuttgart ta yi nata a 2019. A Landan, tun watan Agusta na 2023, duk motar da ba ta cika ƙa'idar hayaƙi ba sai ta biya fam 12.50 a kullum kafin ta zagaya ko'ina a birnin. Motocin Ingila ba sa zuwa mana, tunda sitiyarinsu a dama yake mu kuwa mun koma tuƙi ta hannun dama tun 1972, amma na sauran Turai mu ne kasuwarsu. Mutum yana da tsohuwar mota, ya wayi gari ba zai kai 'ya'yansa makaranta da ita ba sai da tara. Sayarwa zai yi, ko nawa aka taya. Masu ɗan dama-dama su tsaya a Folan da Romaniya. Ragowar su taru a garejojin unguwar Heyvaert a Brussels, a kora su tashar Antwerp, jirgi ya sauke su a Kwatano da Lome da Legas. Ba banza ba mutanenmu ke kiran kayan hannu da sunan Beljiyam.

Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga wannan fatauci a rahotonta na Oktoba 2020. Daga 2015 zuwa 2018 ƙananan motocin hannu miliyan 14 suka fita daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. Masu binciken gwamnatin Holan sun je bakin jiragen da ke tasowa daga tashoshinsu suka dudduba abin da ake loda mana. Yawanci shekarunsu tsakanin 16 da 20, yawanci ba su kai matakin Euro 4 na ƙa'idar hayaƙin motoci ta Turai ba, kuma da yawa ba su da takardar shaidar sun cancanci hawa titi. Ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka turo Najeriya sun kusa shekara 20. Wasu an riga an yanke musu matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda kanikawanmu ke kira indomi, saboda ƙarfe mai tsada da ke cikinta. Da na ji wannan rahoto ban yi mamaki ba, domin da hannuna na sha leƙa ƙarƙashin mota sabuwar sauka in tarar da waldar da aka yi a wurin ko tsatsa ba ta fara ba.

Zan gaya maka gaskiya, ranka ya daɗe, ko da ta taɓa aljihuna. Daga irin waɗannan motoci nake cin abinci, da la'adarsu na aurar da 'ya'ya. Amma ina zaune a Kano, ina shaƙar abin da ke tashi a shataletalen Ɗangi da ƙarfe shida na yamma, kuma ina da jika mai asma. Hayaƙin da aka kora daga titin Brussels bai ɓace ba. Jirgi ya hau, ya sauka a ƙirjin mai tallan ruwa da ɗan sandan da ke ba da hannu. Arahar da muka ɗauka za mu samu ma ba ta zo ba. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta zo ta wuce dubu. Yau tambayar farko da mai saye ke yi mini ita ce: nawa take sha? Ƙaramar mota mai ƙaramin inji yake so, ita ce kuma kamfanonin Turai suka fara yankewa, don ribarta ba ta ɗaukar kuɗin na'urorin tace hayaƙin da doka ke nema. Talakan Turai ma ita yake riƙewa ya ƙi saki. Mai kyau ta yi tsada, mai araha kuma gawa ce da fenti.

A watan Fabrairu na 2020 ministocin ECOWAS suka zauna a Wagadugu suka yarda cewa daga Janairun 2021 kada a shigo da motar da ba ta kai Euro 4 ba, a kuma tsabtace man da ake sayarwa daga yawan salfa. Shawara ce mai kyau. Abin da nake roƙo shi ne a ba ta haƙora tun daga can inda ake lodi. In mota ta riga ta sauka a tashar Tin Can ta Legas, an biya kuɗin jirgi, dillali ya ci bashi, ajan yana jira, babu mai mayar da ita teku, lallaɓawa za a yi har ta fita. A duba ta kafin ta hau jirgi: birkinta, jakar iskarta, salansarta, lambar jikinta. Tarayyar Turai ta gabatar da daftarin doka a watan Yuli na 2023 da zai hana fitar da motar da ba ta cancanci hawa titi ba. Su masu turowa sun fara jin kunyar abin, bai kamata mu masu karɓa mu zama na ƙarshen buɗe baki ba.

Duk wannan ruwan farko ne. Na biyu yana tafe, shi ne ainihin abin da ya sa na rubuto. Motocin lantarkin da ake saya a Oslo da Amsterdam da Los Angeles yau, su ne Beljiyam ɗinmu na gobe, kuma za su iso da wuri fiye da yadda muke zato, domin darajarsu tana faɗuwa da sauri a kasuwar hannu ta can. A Janairun 2024 kamfanin hayar motoci na Hertz ya sanar zai sayar da motocin lantarkinsa dubu 20 a Amurka, saboda tsadar gyara da faɗuwar farashi. Kowace shekara sabuwa tana fitowa da batir mai nisan zango da farashi mai sauƙi, ta daɗa karya ta bara. Ɗan kasuwa kuwa duk inda yake, in ya ga kaya sun yi kwantai, kasuwar da ba a tambayar takarda yake nema.

Motar fetur in ta tsufa muna da hanyar gane ta. A tayar da ita, a saurari inji, a duba bakin mai, a ga kalar hayaƙi, a zagaya da ita. Motar lantarki ba ta tari, ba ta hayaƙi. Fentinta na sheƙi, kujerunta kamar ba a taɓa zama a kai ba, alhali batirin da ke shimfiɗe a ƙarƙashinta, wanda shi kaɗai kan ci wajen sulusin kuɗin sabuwar motar, ya gaji. Yawancin kamfanoni garantin shekara 8 ko kilomita dubu 160 suke ba batir. Mu kuma motar shekara goma sha wani abu muke saye, wato ranar da za ta taka Legas garantin ya daɗe da ƙarewa. Ga zafi. Batirin litiyam ba ya shiri da zafi, tun a 2012 masu Nissan Leaf ta farko a jihar Arizona suka koka cewa ƙarfin batirinsu yana zubewa da wuri, domin ba ruwa ke sanyaya shi ba. Motar da aka saba da sanyin Norwe a kawo ta Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, a ajiye ta a rana tun safe har la'asar, wa ya auna abin da zai same ta?

Na riga na ɗanɗana. Shekarun baya wani malamin makaranta da ya yi ritaya ya kawo mini kuɗin sallamarsa ya ce in nemo masa mota marar shan mai. Na samo masa irin mai haɗa fetur da batir, tsaf da ita, na kuma yi farin ciki da cinikin. Wata biyar ta yi tana tafiya lafiya, sai fitilu suka kunno a gaban direba, ta ƙi motsi. Muka zagaya gareji huɗu. Kowa ya san ciwon a babban batir yake, babu mai na'urar da za ta nuna wane ɓangare ne ya mutu. Aka aiko mana da wani batirin na hannu daga Legas da kuɗi mai yawa, bai yi wata uku ba ya bi na farko. Ana cikin wannan ne wani yaron mai rewaya, wanda bai fi shekara goma sha bakwai ba, ya kai hannu kan wayar nan mai ruwan lemo, don bai taɓa jin cewa kalar gargaɗi ce ba. Wuta ta yi jifa da shi. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma yatsunsa biyu har yau ba sa lanƙwasuwa. Na mayar wa malam la'adata na ƙara masa abin da na iya, duk da haka kuɗin aikin shekara talatin da biyar ya tafi. Wannan ƙaramin batir ke nan. Na cikakkiyar motar lantarki ƙarfinsa yakan kai bolt 400, wasu ma 800.

Saboda haka, ranka ya daɗe, tun kafin jiragen su fara cika da su, a kafa ƙa'ida cewa duk motar lantarki ko mai haɗi da za a shigo da ita ta hannu sai da shaidar lafiyar batirinta, a rubuce, kashi nawa ya rage daga ƙarfinsa na asali, kuma a sa iyakar da in ya gaza ta ba zai shigo ba. Ba abu ne mai wuya ba, motar da kanta tana ajiye wannan lissafi a kwamfutarta. Dokar batir ta Tarayyar Turai ma ta tanadi cewa daga Fabrairun 2027 kowane sabon batirin mota zai zo da fasfonsa, mai ɗauke da tarihinsa. In suna rubuta wa junansu, mu ma a nuna mana. Sannan a faɗa tun yanzu wa zai karɓi mataccen batir. In an bar shi haka, na san inda zai ƙare: a hannun 'yan gwangwan, a fasa shi da guduma a bayan gida, kusa da rijiya, ga shi in ya kama da wuta bokitin ruwa ba ya kashe shi. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Can ma ba a san illar abin da ake dakawa a tsakar gida ba sai da aka fara binne yara.

Akwai kuma Sin, wadda tun 2023 ta sha gaban Japan a fitar da motoci. A gida kusan rabin sabbin motocin da ake saya yanzu masu caji ne, don haka masana'antunta na injin fetur suna neman inda za su juye kayansu. Masu lantarkin nata kuma Amurka ta ɗora musu harajin kashi 100 a 2024, Turai ta ƙara musu nata a watan Oktoba na shekarar. Ruwan da aka tare ta gabas da yamma, ai kwari zai nema. Ni ban ƙi ba, domin karo na farko a rayuwata ina ganin alamar ɗan Najeriya mai matsakaicin ƙarfi zai iya sayen mota sabuwa fil a leda. Sharaɗi ɗaya nake so a gindaya: duk kamfanin da zai sayar mana, ya ajiye kayan gyara a ƙasar nan na shekaru masu yawa, ya buɗe wa kanikawanmu littattafan gyaransa da manhajarsa. Mun sha ganin mota mai kyau ta zama ɗakin kaji saboda 'yar na'urar da ba ta fi tafin hannu ba.

Wannan ya kawo ni kan mutanen da na fi tausaya wa. Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Ladipo a Legas, dubban gidaje ke cin tuwo daga fulogi da fiston da kuloci da juyen bakin mai. Motar lantarki ba ta da ko ɗaya daga cikinsu, ko birkinta ma a hankali yake cinyewa. Ba gobe wannan ciniki zai mutu ba, motocin fetur za su daɗe a titunanmu, watakila ma bayan sun ƙare a ko'ina. Amma yaron da aka kai gareji yau yana ɗan shekara goma sha biyu, a 2045 yake magidanci, kuma abin da ake koya masa yanzu shi zai ciyar da iyalinsa da shi. Kanikawan nan ba su da kasawa. Su ne suka koyi injin mai allura bayan kafireto ba tare da kowa ya kai su aji ba, su ne ke ɗauko injin wata mota su dasa a wata ta tashi. Sai dai wutar bolt 400 ba a koyonta da lalube, kuskure ɗaya ake yi. Na san hukumarku tana horar da kanikawa. Roƙona a kai horon cikin garejin, da Hausa, ta hannun shugabannin ƙungiyoyinsu, a haɗa musu da safar hannu mai hana wuta da na'urar awo, don wanda ya rufe rumfarsa mako biyu ya tafi Abuja, gidansa ba a ɗora tukunya ba.

Kada kuma a ɗauka kira nake yi mu kwaikwayi hanin. Habasha ta yi haka a farkon 2024, ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal. Tana da dalilinta: duk ɗigon man da take sha da dala take sayo shi, wutarta kuwa daga ruwa take, kuma madatsar da ta ƙaddamar a kan kogin Nil a watan Satumba na 2025 ita kaɗai an gina ta ne don ta ba da megawat sama da 5,000. Mu abin da babban layin wutarmu ke raba wa mutum sama da miliyan 200 yakan tsaya ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Ko a Habashar, masu motocin suna kuka da ƙarancin wurin caji in an bar Addis Ababa, da rashin kayan gyara. A watan Oktoba na 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa sun fi mako guda a cikin duhu. Da a ce motocin asibiti da na tasha duk da caji suke tafiya a makon nan, da abin ya fi haka muni. Wanda zai kunna janareta mai dizal ya caja mota, hayaƙin kawai ya mayar bayan gida.

Inda lantarki zai yi mana amfani yau, a ganina, shi ne A Daidaita Sahu da babur da motar haya ta cikin gari. Zangonsu gajere ne, batirinsu ƙarami ne, ana iya cire wanda ya ƙare a sa cikakke a rumfar sola cikin 'yan mintoci, rana kuwa ba ma sayenta. A Maiduguri an riga an fara ganin tasi da bas masu lantarki a titi. Hukumarku ta kafa wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021, zamanin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, kuma an haɗa Hyundai Kona mai lantarki a Legas. An cire wa motocin lantarki da iskar gas harajin VAT a 2024. Tubalan suna nan a warwatse, ginin ne ba mu gani ba. Motocin doguwar tafiya kuma iskar gas ta fi dacewa da su a yanzu, in an kawo gidajen sayar da ita Arewa yadda direba zai tashi daga Kano ya san zai samu a hanya. Ana haƙo litiyam a ƙasar nan, an buɗe masana'antar sarrafa shi a Nasarawa a 2024. Zai yi mini ciwo in ga an kwashe shi a buhu, ya dawo mana bayan shekara goma sha biyar a cikin gajiyayyen batir. Mun taɓa hawa 504 da aka haɗa a Kaduna, ana haɗa manyan motoci a Kano da Bauchi, ba labari aka ba mu ba.

Buhari ya yi alƙawari a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 cewa Najeriya za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060, wato abin da take fitarwa ba zai wuce abin da take kawarwa ba. Ni ba zan ga ranar ba. Amma motar da za ta cika titunanmu a 2040 ana ƙera ta yanzu haka, ana kuma rubuta dokar da za ta koro ta, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. In ka samu sarari, ranka ya daɗe, ka turo mana injiniyoyinka Kano kafin a rubuta wata sabuwar ƙa'ida. Kada su tsaya a ɗakin taro na otal, su shigo Ƙofar Ruwa su zauna a benci da masu kayan gyara da masu rewaya da direbobin tasha. Zan kai su wurin yaron nan su ga yatsunsa. Motar malam ma tana nan a ƙarƙashin darbejiya a bayan garejin, an lulluɓe ta da tamfol, su zo da na'urarsu su gaya mana abin da ya kashe batirinta.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya.

Naka,
Wani dillalin motocin hannu, daga Kano.